Ƙayoyin Bushiya da Hannun Hagu

Ƙanina Bahago,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na can sansanin masu gina hanya. Na yi waya da Inna jiya. Ƙafar ta yi sauƙi, har ta koma zagaya maƙwabta tana ba su shawarar da ba su nema ba. Ta ce in faɗa maka ka riƙa cin abinci.

Yanzu ka gyara zama, don da labari nake tafe. An ba ni littafin bushiya. Ka tuna na ce maka kamfaninmu zai buga littafin yara mai hotuna, wanda wata malama ta rubuta a kan bushiya mai gyaran agogo? Mu uku muka zana gwaji, Malama ta ɗaga nawa ta ce wannan ce bushiyarta. Manaja ya kira ni ofis ya ce daga bango zuwa bango nawa ne. Da na fito ban san lokacin da na rungume mai shara ba, baiwar Allah ta tsorata har ta saki tsintsiya. Shekara da shekaru ina zana tallan sabulu da katin gayyata, sai yanzu za a sa sunana a bangon littafi.

Murnar ce kuma ta ja mini. Bayan na zana 'yan shafukan farko, wata rana ina saukowa daga bene ina sake karanta saƙon yabon da Malama ta turo mini a waya, na tsallake matakala, na sauka a kan hannun dama. Ɗan rauni ne, kada ka ɗaga hankalinka, kuma kada ka kuskura Inna ta ji. Likita dai ya ce in hutar da shi, ita kuwa bushiya ba za ta jira ni ba.

Shi ya sa na zo wurin gwani. Na mayar da alƙalamin zane hannun hagu, sai na gane ashe duk manhajar zanen nan ta kwamfuta don masu dama aka shirya ta. Ka san a kan gilashin allon nake zane kai tsaye. Tagar launi tana dama, tagar leya mai jera sassan zane bisa juna tana dama, burushi suna dama. Duk sanda zan canza launi sai na ƙetare allon da hannuna, in rufe abin da nake zanawa, wani lokaci gwiwar hannu ta goga ta zabga wa bushiya layi a goshi. Kai da kake zana taswira da hagu tun kana makaranta, yaya kake yi? Na san dariya za ka yi. Yi abinka ka ƙoshi, sannan ka aiko mini da yadda ka tsara naka.

Yayarka

Yaya,

Amsa sallama da gaisuwar girmamawa. Lafiyata ƙalau, ina cin abinci, a shaida wa Inna. Sai yau na biyo motar ruwa zuwa gari na samu netwok, shi ya sa kika ji ni shiru. A bakin shagon mai cajin waya na karanta saƙonki, na yi tsalle har direbanmu ya tambaya ko aure aka ba ni. Allah Ya sanya albarka, Yaya. Ni dama na san bushiyarki za ta ci, ke da ko kunun da ya zube a tabarma sai kin mayar da shi fuskar mutum.

Dariyar kuma na yi, ban rage komai ba. Yau ga ki a layinmu, ke da kike taya Inna ƙwace mini cokali a mayar dama. Barka da zuwa, akwai wuri.

Ga fayil na haɗo miki, tsarin wurin aikina ne gaba ɗaya. Ki shigar da shi ta inda manhaja ke karɓar tsari, za ki ga allon ya juye kamar an haska shi a madubi. Launi da leya da burushi duk na kwaso su na jera a hagu, inda hannu yake, don kada ki riƙa tafiya mai nisa a kan abu kaɗan. Na kuma yi shara. Jerin kayan aikin nan da ke zuwa da manhaja, rabinsu ban taɓa taɓa su ba, na ɓoye su. Duk tagar da ba kya buɗewa kullum, ki rufe ta, ba fushi za ta yi ba. Za ki ga filin zane ya buɗe kamar ɗakin da aka fitar wa tsofaffin akwatuna.

Abin da na fi alfahari da shi shi ne maɓallan yanke, waɗanda danna ɗaya ke gama aiki nan take. Masu manhaja sun tara su a gefen hagu na kibod, don a riƙe alƙalami da dama a danna da hagu. Ni na kwashe su kaf na mayar gefen dama. Koma-baya, adanawa, ƙara girman burushi, matso da hoto kusa, duk suna ƙarƙashin yatsunki na dama. Tunda ɗan rauni kika ce, na san targaɗe ne, ki ɗora hannun a kan ɗan matashi kusa da kibod, yatsu kawai za su yi aiki.

Ki kunna abin daidaita layi, ki ƙara shi sosai a farko, don hannun hagu sabon shiga ne, zai yi rawa. Kuma kada ki yi faɗa da takarda. In layi ya ƙi zuwa ta inda kike so, ki juya hoton har ya dace da yadda hannunki ke tafiya. Ni a karkace nake zana duk taswirar da kika sani.

Ki aiko mini hoton bushiyar in gani, in nuna wa mutanen nan su san daga gidan da na fito.

Ƙaninki

Bahago,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. Inna ta ce a gaishe ka.

Tsarinka ya iso, kuma ka iya. Da na shigar da shi allon ya juye, sai da na ce kai. Hannuna ya daina rufe mini zane, launi yana nan kusa kamar gishiri a gefen murhu. Juya hoton nan da ka koya mini shi ya fi komai. Na zana hancin bushiya sau ɗaya ya fita, na zauna ina kallonsa ina murmushi ni kaɗai.

Amma rabin aikinka ya tashi a banza, kuma ba laifinka ba ne. Ba targaɗe ba ne, karaya ce, a wuyan hannu. An sa mini siminti tun daga gwiwar hannu har kan yatsu, bakin farce kawai ke leƙowa. Na ce maka ɗan rauni ne don na san bakinka da Inna ba shi da ƙofa. Maɓallan da ka jera mini a dama, kallonsu kawai nake yi. Duk sanda zan koma baya sai na ajiye alƙalami, in miƙa hagu can ƙarshen kibod, in danna, in dawo in ɗauka. Ka san kuwa mai zane yana koma-baya fiye da yadda yake ƙifta ido. Ga ƙayoyi. Ban san na tsani bushiya ba sai da na fara zana mata ƙaya ɗaya bayan ɗaya da hannun da bai san hanya ba.

Manaja ya lura. Mutumin kirki ne, amma ranar buga littafi ba ta san kirki ba. Ya zo ya tsaya a bayana ya daɗe, sannan ya ce Malama za ta zo duba rabin farko. Ita kuma ɗabi'arta ce ta ja kujera ta zauna kusa da mai zane, ta ce a ɗaga wannan, a rage wancan, a yi a gabanta tana gani. Ya ce, «In kin iya bin ta a zaman nan, littafi naki ne. In ba ki iya ba, Dogo zai ƙarasa.» Dogo shi ne wanda teburinsa ke kallon nawa, wanda gwajinsa ya zo na biyu. Yana jin haka ya sunkuyar da kai kamar shi ya tura ni a bene.

Tsoro nake ji, Bahago, ba zan ɓoye maka wannan ba. Ba na son in buɗe littafin nan wata rana in ga bushiyata da hannun wani. In kana da dabarar mai hannu ɗaya, ka aiko da sauri.

Yayarka

Bahago,

Ina fata shirun nan na netwok ne, ba fushi ba. In fushi ne ka ajiye shi gefe tukuna, don abin da zan faɗa maka ba ya jira. Lafiyata lau, simintin ne kawai ke ƙaiƙayi.

Na samu hannu na biyu, kuma a ƙafa yake. A ƙasan ofishinmu akwai tela. Na sauka shan iska raina a ɓace, na tsaya a ƙofarsa ina kallo. Hannayensa biyu suna kan yadi, ƙafarsa ce ke tuƙa keken. Na tsaya kamar wadda aka dasa, har ya tambaye ni ko ɗinki na kawo. Na haura bene, a hankali wannan karon, na faɗa wa Dogo. Ya ce ai akwai irin wannan na kwamfuta, masu buga jawabi daga rikoda suna takawa su tsayar da murya. Washegari sai ga shi da guda a leda, ya aro wurin matar wansa. Feda ce mai matakai uku. Ka ji mutumin da zai gaji littafin in na faɗi, shi ne ya durƙusa ƙarƙashin teburina yana haɗa waya.

Mun ba kowane mataki aikinsa a cikin manhaja. Na hagu koma-baya, na tsakiya riƙe hoto a ja shi, na dama matso da shi kusa. Yinin farko na yi ta taka koma-baya ba da niyya ba, na goge kunnen bushiya ya fi a ƙirga. Yanzu kuwa ƙafar ta haddace. Na cire takalmi, ina zane ina taka, mai shara ta ce in an rufe ido sai a ce ɗinki nake.

Daga nan abin ya buɗe mini. Maɓallin da ke jikin alƙalami na sa shi ya riƙa fito da ɗan zoben kayan aiki daidai inda bakin alƙalamin yake, burushi da magogi da mai ɗebo launi, ba sai na je ko'ina ba. Launukan littafin na tara su a ƙaramar taga ɗaya, ruwan ƙasa na bushiya, ruwan zinariya na agogo, shuɗin rigar aikinta, na rufe babbar tagar launi gaba ɗaya. Tagar leya na rage mata tsawo na matso da ita ƙasa, don a nan hannuna ke hutawa. Kusan duk abin da ka jera na ɗan taɓa shi, kada ka ji haushi.

Sai ƙayoyi. Na zana guda biyar masu kyau, na mayar da su burushi. Yanzu ja ɗaya nake yi a bayanta, ƙayoyi su tashi reras suna bin hannuna, in na danna su yi tsawo, in na sassauta su gajarce. Na kira duk ofis suka zo kallo. Mun shirya da bushiya, na daina tsanarta.

Ga hotonta nan na haɗo, tana gyaran agogon bango. Malama za ta zo farkon mako. Ka yi mini addu'a, kuma ka amsa.

Yayarka

Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ina lafiya. Ruwa ne ya cinye mana gadar wucin gadi, motar ruwa ma ba ta fita ba, sai yau. Saƙonninki biyu tare na same su, na karanta na farko raina ya ɓaci, na karanta na biyu na manta da ɓacin ran.

Duk da haka sai na faɗa. Karaya, Yaya, ki ce mini ɗan rauni? Na zauna ina tsara miki maɓallai ina jin kaina gwani, ashe hannun ma yana cikin siminti. Inna ba za ta ji daga bakina ba, amma ranar da ta ji, ni ban san komai ba.

Fedar nan kuwa ta kashe ni. Shekaruna nawa a aikin nan ban taɓa tuna ina da ƙafa ba. Na nuna wa injiniyanmu hoton bushiya, ya ce a tambaye ki ko tana gyaran agogon hannu. Ki gaishe mini da Dogo, ki ce na gode.

Yanzu ki saurare ni da kyau, don saboda wannan na roƙi direba ya jira ni. Duk gyaran da kika yi, a kan fayil ɗina kika yi shi, kuma ban ga inda kika ce kin adana shi da suna ba. Manhaja tana tuna inda kika bar tagogi ne kawai don ladabi. Ranar da aka sabunta ta, ko aka sake saka ta, komai zai koma yadda ya fito daga kamfani, har aikin feda da zoben alƙalami. Ki je inda aka rubuta sabon tsari, ki ba shi suna, ki adana. Maɓallan yanke daban ake fitar da su, burushin ƙaya ma daban. Ki kwafe su a filashi, ki kuma tura wa kanki. Ki yi shi yau, kafin ki sha ruwa. Laifina ne da ban faɗa tun farko ba, ɗoki ne ya sha kaina.

Allah Ya ba da sa'a ranar zaman. Ina nan ina jiran labari.

Ƙaninki

Bahago,

Sallama. Ina lafiya, Inna lafiya, hannu yana samun sauƙi. Wasiƙarka ta iso, kuma shawara ce mai kyau ƙwarai. Na karanta ta da yamma, bayan Malama ta tafi.

A ƙarshen mako mai gyaran kwamfutocinmu ya bi tebur tebur ya sabunta manhaja, don a tarbi baƙuwa da sabon abu. Ban sani ba. Malama ta iso, dattijuwa ce mai tabarau a wuya, ta ja kujera ta zauna a gefena. Manaja ya tsaya a baya ya harɗe hannu. Na kunna, allo ya buɗe, sai na ga baƙon wuri. Tagogi duk sun koma dama, kayan aikin da muka ɓoye sun dawo sun cika gefe. Na taka feda, shiru. Na danna maɓallin alƙalami, babu zobe.

Dogo ya leƙo ya gane. Ya ce a hankali ko in shigar da fayil ɗinka. Na tuna naka na mai hannu biyu ne. Na juya na ce wa Malama an share mini teburin aiki, ina roƙon ta ɗan ba ni lokaci in mayar da kayana. Manaja ya yi gyaran murya. Ita kuwa ta sa tabarau ta ce ba ta taɓa ganin yadda ake yi ba, in yi tana kallo.

Na fara. Na ja tagar leya zuwa hagu, na rage ta. Na rufe wannan, na ɓoye wancan. Abin mamaki, ban tsaya tunani ba, hannun ya san inda kowane abu yake kwana. Launukan na ɗebo su daga jikin bushiyar da ke shafin. Dogo ya sake durƙusawa ƙarƙashin tebur, ina faɗa masa aikin kowane mataki. Malama sai tambaya take, me ya sa wannan a nan, me ya sa wancan a ƙasa, ina ba ta amsa, har na ji tsoron ya sake ni. Burushin ƙaya ne kaɗai ya tafi gaba ɗaya. Na zana sababbin ƙayoyi a gabanta na haɗa wani burushin, na ja layi ɗaya a bayan bushiya, ƙayoyi suka tashi. Dattijuwar nan ta tafa hannu kamar yarinya, ta ce in sake.

Daga nan muka shiga aiki. A ɗaga gira, na ɗaga. A rage hasken fitila, na rage. A matso da agogo, ƙafata ta ja hoto, hannuna ya matsar. Ban ajiye alƙalami ko sau ɗaya ba. Ina jin Manaja ya sauke hannayensa ya jawo kujera shi ma.

Muna cikin haka Malama ta ce in tsaya. Ta sa na jera shafukan farko da na baya a allo ɗaya, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta nuna da yatsa. A shafukan da na zana kafin in faɗi, sukudireba tana hannun daman bushiya. A duk waɗanda na zana bayan nan, tana hagu. Ka san in zan zana hannu yana riƙe da abu, nawa nake kallo. Ban lura ba, Dogo bai lura ba, Manaja ma bai lura ba. Kuma ba a juya hoton a huta, don lambobin agogo za su koma baibai. Manaja ya ce kuskure ne babba, shafukan baya sun fi yawa, gyaransu zai ci lokacin da ba mu da shi, sai dai a raba aikin. Na ji littafin yana zamewa daga hannuna.

Malama ta cire tabarau ta ce, «A cikin yaran da na koyar, kowane aji akwai mai rubutu da hagu, kuma ban taɓa ba su littafin da wani ke aiki da hannunsu ba. A bar ta a haka. Na farkon za a gyara, su ne kaɗan. Kuma wadda ta zana ta ita za ta gyara.»

Manaja ya dube ni, ya dubi feda, ya ce wa Dogo tallan sabulu na jiransa. Dogo ya tashi yana kaɗe gwiwar wando, ya ce shi dama ƙaya ba ta yi masa ba.

Sai da suka fita na yi kukana, ɗan kaɗan, na murna. Na adana tsarin da suna, na fitar da maɓallai da burushi, suna filashi, suna wayata, ga kwafi nan na haɗo maka ka ajiye. Littafin nawa ne, Bahago, kuma bushiyar 'yar layinku ce. Gobe da safe zan buɗe shafin farko in karɓe sukudireba daga hannun damanta in sa mata a hagu.

Yayarka